Amanar Daw Nyein

Litinin, 1 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Na sayi littafin nan ne don karatun jarrabawar ƙarin girma, ga shi zan buɗe shi da wani abu dabam. Sojoji sun ƙwace mulki a ƙasarsu Thanda.

A ɗakin canza kaya na asibiti na same ta da safe, zaune a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana ta danna waya. Shekara biyu muna aikin jinya tare, muna kwana a fulat ɗaya a nan unguwar Al Nahda a ƙasar Larabawa, ban taɓa ganin ta zauna a ƙasa ba. Na ce, “Thanda, lafiya?” Ta ce, “Layin Mama ba ya shiga.”

Mamarta ita ce Daw Nyein, babbar minista ta wani yanki a Myanmar, kamar dai gwamna a wajenmu. Daw ɗin girmamawa ce, irin yadda muke cewa Hajiya. A asibiti ba wanda ya sani sai ni. Ni ma na yi wata shida ban sani ba. Duk Lahadi nakan ga wata tsohuwa siririya a wayarta, da fure a gashi da gilashi ɗaure da zare, in leƙa in gaishe ta, ta ce mini “Ramla, kin ci abinci?” Na ɗauka malamar firamare ce mai ritaya.

Thanda ta ƙarasa aikinta na yau har ƙarshe. Ba ta ci komai ba.

Talata, 2 ga Fabrairu, bayan la'asar

An samu kawunta, U Tin, wanda lauya ne. Mama na gida, da sojoji biyu a bakin ƙofa. Ba ta fita, ba a shiga. Wai ta aika musu da shayi.

Alhamis, 4 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu da rabi

Yau ina hutu. Thanda ta fita a gurguje ta bar wayarta a caji. Wajen sha biyu ta yi ƙara, na ga hoton furen nan, na ɗauka.

Tana zaune a kujerar katako, bayanta taga a rufe. Na ce Thanda na wajen aiki, bari in kira asibiti a haɗa su. Ta ce a'a, babu lokaci, kuma gara ma da ni ce na ɗauka. Ta ce, “Ramla, 'yata, zan roƙe ki abu ɗaya. Gobe ko jibi za su zo su tafi da ni. Thanda za ta ce za ta taho. Idan ta sauka, da ita za su matse ni, kuma ni na san iyakar ƙarfina. Kada ki bari ta hau jirgi.”

Na ce, “Mama, ni wace ce da zan hana ta?”

Ta yi murmushi, na ga giɓin nan na gefen bakinta. Ta ce, “Ke nas ce. Kin san yadda ake riƙe mutum a yi masa allura.” Sai hoton ya tsaya, layin ya yanke.

Na zauna a bakin gado na fi awa. Daga nan na shiga ɗakin da ba nawa ba, na fito. Da Thanda ta dawo na ce mata Mama ta kira, tana lafiya, ta ce ki riƙa cin abinci. Wannan ɗin ma ta faɗa, ba ƙarya na yi ba.

Juma'a, 5 ga Fabrairu, bayan azahar

Sojoji sun tafi da Mama da safe. Ta fito da jakarta a shirye.

Asabar, 6 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Saboda korona jirage ba sa zuwa can sai na kwaso 'yan ƙasa, kuma akwai ɗaya ranar sha bakwai. Thanda ta sa sunanta. Da ta je ɗauko fasfo don ta aika hotonsa, babu shi.

Mun zazzage ɗakin. Mun ɗaga katifa, mun juye akwatuna, mun duba cikin littattafai, har bayan firji. Ni na riƙe mata fitilar waya tana leƙa ƙarƙashin kabad. Tana ta cewa, “A aljihun jakar nan yake, Sista Ramla, kullum a nan yake.” Na ce ko a asibiti ta bar shi lokacin sabunta biza. Ta ce za ta tambaya gobe.

Idan ta nemi sabo dole sunanta ya bi ta hannun hukuma, hukumar kuma yanzu ta waɗanda suka kama uwarta ce. Ta san da haka.

Biyar da rabi a nan ita ce takwas a can, lokacin da mutane ke fitowa ƙofar gida suna buga tukwane don nuna ƙin sojoji. Ta ɗauki ƙaramar tukunyar shayinmu da cokali, ta tsaya a kicin tana bugawa a hankali don kada maƙwabta su kai ƙara. Minti goma sha biyar. Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Talata, 9 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na yamma

Yau ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Na dafa taliya, ta ci cokali uku, sai bakinta ya buɗe.

Mama tana jami'a, shekararta ashirin da ɗaya, aka yi boren ɗalibai. Ba ita ce mai jawabi ba, ita ce mai buga takardu da keken rubutu a bayan shagon wani tela. Aka kama ta, shekara shida aka ba ta a kurkuku. A can aka zubar mata da haƙoran gefe. Da ta fito ba wanda zai ɗauke ta aiki, sai ta koma sayar da busasshen kifi a kasuwa, da yamma tana koya wa 'ya'yan masunta karatu a ƙarƙashin gidansu na katako da ke tsaye a kan dirkoki. Ta yi aure, ta haifi Thanda. Thanda na da shekara goma sha ɗaya aka sake yin zanga-zanga, Mama ta ajiye faranti ta fita ta shiga layi. Aka kai ta wani kurkuku can arewa, tafiyar kwana uku. Tana ciki mijinta ya rasu. Sai bayan wata biyu aka gaya mata.

Thanda ta ce, “Da ta fito ina da sha biyar. Ta tsaya a ƙofa tana kallona, ni ma ina kallonta. Kakata ce ta ce, ki gaida mamarki mana.”

Bayan 'yan shekaru aka yi zaɓe, matan kasuwar kifi suka tsayar da ita, ta ci, aka ba ta yankin. Ba ta tare a gidan gwamnati ba. Akwai gonakin da aka ƙwace wa manoma tun zamanin soja aka ba wani kamfani, ta yi shekara uku tana bin takardunsu ƙauye ƙauye da ƙafarta har aka mayar wa da yawa daga cikinsu. Da Thanda ta gama karatun jinya ta nemi aiki a babban asibitin yankin, Mama ta kira shugaban asibitin ta ce kada a ɗauke ta, mutane za su ce alfarma ce.

“Na fi kowa maki, Sista Ramla. Shi ya sa nake nan.” Ta ture farantin. “Kowa tana da lokacinsa, ban da ni.”

Na ce to me ya sa take son komawa. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ta ce, “Tana da ciwon suga. Wa zai yi mata allura?”

Juma'a, 12 ga Fabrairu, bayan magariba

Na je unguwar Muraqqabat wajen Goggo Barira, ƙanwar Baba. Korona ta tsare ta a nan tun bara, tana ta haɗa kayan mutane a kago, wato jirgin kaya. Na same ta a tsakiyar katan-katan na abaya tana faɗa da wani a waya, “Yalla, maza ka kawo motar, khalas, shi ke nan!”

Na ba ta labarin Thanda, ban da abu ɗaya. Ta ce, “Myanmar ɗin nan ba ita ce Bama ba? Ai ƙasar da Kakanku Sanda ya je yaƙin Turawa. Har ya rasu in aka yi ruwan kwana biyu sai ya ce wannan yayyafi ne, ku ba ku ga ruwa ba.” Muka yi dariya. Sai ta ajiye almakashi ta ce, “Amma Ramlatu, ba su ne suka kori Musulmi suka ƙona musu garuruwa ba? Lokacin ita tsohuwar tana kan mulki ko ba ta kai?”

Na ce sojojin ne suka yi, kuma ba a yankinta ba ne.

Ta ce, “Ban ce ita ta yi ba. Cewa na yi me ta ce.”

Na ɗauki jakata. Ta cika mini roba da dambun nama ta ce in kai wa yarinyar, uwa dai uwa ce.

Lahadi, 14 ga Fabrairu, ƙarfe shida

Na tambayi Thanda. Na yi ta juya maganar kafin ta fito.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce shekarun baya da rikici ya taso a garinsu, kafin Mama ta hau mulki, wasu sun nufi masallacin kasuwa da fetur. Mama ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofar, matan kifi suka zauna kewaye da ita, har yamma. Ba a taɓa masallacin ba. Amma da aka yi wa Musulmin Rohingya abin da aka yi, tana ofis, ba ta ce uffan ba a bainar jama'a. Jam'iyya ta ce kowa ya yi shiru, ta yi.

“Na tambaye ta a waya, ina nan ɗakin. Ta ce, ‘A kurkuku ban taɓa jin kunyar kaina ba, sai a kujerar nan.’ Ba ta kare kanta ba. Ni ma ba zan kare ta ba.”

Na kasa sanin inda zan ajiye wannan. Har yanzu ina girmama ta. Amma yanzu ina ganinta mutum ce.

Laraba, 17 ga Fabrairu, ƙarfe uku

Jirgin ya tashi.

Alhamis, 18 ga Fabrairu, da safe

Ba ta yi kuka ba. Ta goge yunifom ɗinta, ta goge nawa.

Litinin, 22 ga Fabrairu, bayan magariba

Ƙasarsu gaba ɗaya ta tafi yajin aiki. Kawu U Tin ya turo bidiyo daga garinsu. Titi cike har inda ido ya tsaya. A gaban ofishin Mama matan kasuwa sun zauna da farantansu a kife, wani tsoho ya ɗaga kwali da hoton gilashin nan mai zare, ba ma fuskarta ba, gilashin kawai. Thanda ta fassara mini rubutun: ku dawo mana da ita, ba mu sallame ta ba.

Ta kalla sau bakwai. A na ƙarshe ta ce, “Da ina can.”

Na tashi na ɗora ruwan shayi.

Tukunya, biyar da rabi. Gefenta ya fara lotsewa.

Lahadi, 28 ga Fabrairu, ƙarfe biyar

An fara harbin masu zanga-zanga a can. A cikin gawarwakin da aka ɗauka akwai wani da suka yi makarantar jinya tare, yana sanye da farar riga. Ta faɗi sunansa sau ɗaya, ta shiga ɗaki.

A raina na ce, ga shi nan, da tana can. Sai na ji kunyar cewa na samu hujja a gawar ɗan mutane. Astagfirullah.

Laraba, 3 ga Maris

Ba zan rubuta na yau ba.

Asabar, 6 ga Maris, bayan la'asar

An bar kawu ya ga Mama, karon farko. Minti goma, da soja a tsaye. Ƙafafunta sun kumbura. Allurar da aka kai mata tun makon farko ba a ba ta ba, wai babu firji. Ni da Thanda muka dubi juna. Mun san abin da ke biyo bayan kumburin nan, mun sha gani a gado na huɗu da na tara.

Kuma sun ajiye mata takarda. Layi uku ne: ta sauka daga muƙaminta da kanta, ta yarda an yi maguɗi a zaɓe, ba za ta sake siyasa ba. Idan ta sa hannu, a ranar za a kai ta asibiti, daga can gida.

Kawu ya ce ta karanta, ta gyara musu kuskuren rubutu guda biyu da fensir, ta miƙa musu abarsu.

Thanda ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu. Na riƙe ta. Tana cewa, “Kin ga halinta ko? Kin gani?”

Talata, 9 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Thanda ta rubuta wa Mama wasiƙa kawu ya haddace, don ba a shiga da takarda. Ta karanta mini kafin ta aika. Ta ce: Mama, sau biyu kin zaɓe su kin bar ni, ban ce komai ba. Wannan karon ki zaɓe ni. Ki sa hannu.

Ta ce, “Na yi daidai?”

Na ce ban sani ba. Gaskiyata ke nan. Da uwata ce da na ce ta sa hannu da hannu biyu. Amma ina tuna tsohon nan da kwalinsa, sai in ji kamar takardar ba tata ba ce ita kaɗai.

Kwana talatin da uku ke nan fasfonta yana wajena. Na canza masa wuri sau uku. Yanzu yana cikin jakar sallayata, kuma duk sanda na zo yin salla sai hannuna ya taɓa shi.

Juma'a, 12 ga Maris, bayan la'asar

Na gaya wa Goggo Barira maganar fasfon. Ban shirya ba, tana zuba mini kunun gyaɗa kawai na ji bakina yana faɗa.

Ta ajiye ludayin. Sannan ta ce, “Ke kika riƙe mata fitila tana nema?”

Na ce e.

“Innalillahi. Ramlatu.” Ta gyara zama. “Tsohuwar ta ba ki amana, kin riƙe, jirgi ya tashi, khalas. Wannan na wuyanki kin sauke. Amma abin da ke jakarki ba na tsohuwar ba ne, ba naki ba ne. Yarinyar nan ba jaririya ba ce. Uwarta ba ta bari kowa ya yanke mata hukuncin rayuwarta ba, har sojoji. Ita kuma ku biyu kun haɗu kun yanke mata nata.”

Na ce ina tsoron ta tsane ni.

Ta ce, “Za ta tsane ki mana. Sha kununki.”

Asabar, 13 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na ajiye mata fasfon a kan tebur, kusa da kofinta. Na faɗa mata komai, kalma da kalma yadda Mama ta faɗa, har maganar allura.

Ta buɗe shi, ta duba hotonta, ta rufe. Ta ce, “Kin ɗaga katifa tare da ni.”

Na ce e.

“Kin ce ko a asibiti na bar shi.”

Na ce e.

Ta ɗauka ta shiga ɗaki. Na ji ta murɗa makulli. Tunda muka tare ba ta taɓa kulle ƙofar nan ba.

Lahadi, 14 ga Maris, da yamma

Ta nemi a canza mata lokacin aiki. Yanzu in na shiga ta fita.

Talata, 16 ga Maris

Shiru. Sai tukunya.

Alhamis, 18 ga Maris, bayan azahar

Na bar mata shinkafa da wake a firji da sunanta a jiki. Na dawo na tarar ba a taɓa ba.

Asabar, 20 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ina wanki Thanda ta zo ta tsaya a ƙofar banɗaki. Ta ce amsar wasiƙarta ta zo.

Kawu ya karanta wa Mama daga ka. Ta sa ya maimaita. Ta cire gilashi ta daɗe tana gogewa da bakin zane. Sannan ta ce a gaya wa Thanda tana da gaskiya a kan sau biyun nan, kuma ba ta da abin da za ta biya ta da shi. Amma kujerar ba tata ba ce da za ta miƙa. Mutane ne suka bi layi cikin rana suka ba ta aro, in sun zo karɓa za ta ba su da hannu biyu. Wanda ya zo da bindiga ba shi ya ba ta ba.

Thanda ta ce, “Na san haka za ta ce. Tun ina rubutawa na sani.”

Na ci gaba da matse riga don ban san inda zan sa idona ba.

Ta ce, “Ban yafe miki ba tukuna. Amma da na hau jirgin nan, da ta sa hannu. Na yi ta tunani. Da ta sa, kuma da ba ta ƙara iya kallon kowa ba, har ni.” Ta leƙa wajen kicin. “Akwai sauran shinkafar?”

Alhamis, 25 ga Maris, bayan magariba

An gurfanar da Mama yau, a wani ɗaki cikin gidan yarin, ana tuhumarta da tunzura jama'a. Kawu ya ce sai da aka riƙo ta ta shigo, amma ta ƙi zama. Alƙali ya tambayi sunanta ta faɗa. Ya tambayi sana'a, magatakarda ya riga ta, ya ce tsohuwar babbar minista. Ta juya ta ce masa, “Ɗana, goge tsohuwar nan. Tsufa dai na tsufa, amma ban sauka ba.”

Wani ɗan sanda a bakin ƙofa ya yi dariya, aka fitar da shi. An ɗaga shari'ar. Abu ɗaya mai daɗi: likitan gidan yarin ya karɓi allurar ya sa a firjinsa. Ba wanda ya umarce shi.

Na kira Goggo na ba ta labarin kotun. Ta ce, “Kai! Wannan mata.” Can ta ce, “Allah Ya shirye ta, Ya fitar da ita.” A bakin Goggo wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Lahadi, 28 ga Maris, ƙarfe huɗu

Jiya ta fi kowace rana muni a can. Har yara aka kashe.

Thanda ta ajiye aiki. Ba gida za ta ba. Akwai wani ƙaramin asibiti a bakin iyaka, ta ɓangaren Thailand, inda mutane ke tsallako kogi da raunuka, suna neman masu jinya. Ta ce, “Mama cewa ta yi kada in sauka a hannunsu. Ba ta ce in zauna ina auna wa masu kuɗi hawan jini ba.”

Ta dube ni tana jira. Na ce, “Sai ki sayi takalmin ruwa, damina ta kusa.” Ta ce wa ya gaya mini. Na ce a gidanmu an san ruwan ƙasarku.

Juma'a, 2 ga Afrilu, bayan azahar

Na raka ta filin jirgi. Goggo ta zo da kanta da leda cike da dambu da man zafi, tana ta yi mata Hausa kamar tana ji, “Ki kula da kanki, kin ji ko, habibti?” Thanda tana cewa, “To, to, na gode,” iyakar Hausarta ke nan.

A bakin shiga ta rungume ni ta ce a kunnena, “Rabi.” Na ce rabin me? Ta ce, “Na yafe rabi.”

Laraba, 14 ga Afrilu, kafin shan ruwa

Azumi na biyu. Thanda tana otal ɗin killacewar korona, ta ce ta ƙirga fulawoyin labule sun kai ɗari biyu da shida. Daga gidan yari babu labari kwana tara. An sake ɗaga shari'a. Kawu ma ya daina kwana a gida.

Na dafa abin buɗa baki na mutum biyu ban sani ba.

Asabar, 24 ga Afrilu, ƙarfe biyar da kwata

Saƙon murya daga Thanda, minti shida. Ana jin ruwa yana dukan kwano a bayanta. Mama na da rai, kumburin ya ragu, an mayar da ita ɗakin mata su goma sha huɗu. Takardar tana nan, duk mako ana kawo mata.

Sannan ta ce jiya an kawo wata tsohuwa da ta yi kwana biyar tana tafiya a daji, ƙafarta ta ruɓe. Tana wanke mata ciwon, matar tana ta kallonta. Can ta ce, “Ke 'yar Nyein ce.” Thanda ba ta gaya wa kowa ba a wurin. Matar ta ce shekara huɗu suka yi ɗaki ɗaya a kurkukun arewa. Ta ce duk ranar haihuwar Thanda, Mama takan tashi ta tsaya jikin bango, ta ɗora hannu a iska kamar a kan yaro, ta ɗan ɗaga sama, ta ce bana ta kai nan, sai ta ja layi da gindin cokali. In an canza musu ɗaki, ta auna layukan da zaren zanenta ta tafi da su, ta sake zanawa. Masu gadi suna shafe bangon da farar ƙasa, tana mayarwa.

Tsohuwar ta sa Thanda ta miƙe tsaye. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Ai kuwa ta yi kuskure. Layin ƙarshe ya fi ki da kusan taƙi guda.”

Daga nan muryar Thanda ta ƙi fita, sai ruwan kawai nake ji, har na ɗauka saƙon ya ƙare. Sai ta ja hanci ta ce, “Sista Ramla, ta ɗauka doguwa zan yi.”